System Restore

System Restore wani ɓangare ne na manhajar Windows wanda kamfanin Microsoft ya fara sakawa a Windows Me a shekarar 2000. Aikinsa shi ne mayar da tsarin kwamfuta yadda yake kafin matsala ta auku, ba tare da ya taɓa takardu ko hotunan mai ita ba.

Gazawa da gyara

Yakan gaza idan manhajar kariya daga ƙwayar cuta ta tare shi, ko wurin ajiya ya cika, ko fayilolin tsarin sun lalace. Akan sake gwada shi a Safe Mode, ko a fara gyara fayilolin da umarnin sfc /scannow. Idan kuwa ba a kunna shi tun farko ba, babu inda za a koma.