Sarki Batalamus na Biyu da Fassarar Attaura zuwa Girkanci

Tsakanin ƙarshen Tsohon Alkawari da farkon Sabon Alkawari akwai tazarar kimanin shekara 400 bisa lissafin da aka saba. A cikin wannan tazara ne ƙasar Yahudiya ta fita daga hannun Farisawa ta shiga hannun Girkawa, bayan da Iskandar Mai Girma ya ci gaɓar Sham da Masar a shekarar 332 kafin haihuwar Annabi Isa (K.H.). Da ya rasu a Babila a 323 K.H., sarakunan yaƙinsa suka yi rabon daular. Masar ta faɗa wa Batalamus ɗan Lagos, wanda daga baya ya haɗa da Yahudiya, zuriyarsa kuwa ta riƙe ta har wajen 200 K.H.

Masu rubuta tarihin wannan zamani sun fi tsayawa kan Antiyokus na Huɗu, sarkin Sham wanda ya hana Yahudawa bin shari'arsu a 167 K.H., har Makabiyawa suka yi masa tawaye suka tsarkake Haikalin Ƙudus a 164 K.H. Amma ga mai nazarin harshe, Batalamus na Biyu, mai laƙabin Filadelfus, wanda ya yi sarauta daga wajen 283 zuwa 246 K.H., ya fi cancantar a dube shi, domin da sunansa aka danganta babbar fassara ta farko da aka sani an yi wa wani littafin addini daga harshensa na asali zuwa wani harshe. Ya kamata a bambanta shi da Batalamus masanin taurari da malaman Larabawa ke yawan ambato. Wancan ya zo ne bayansa da kusan shekara 400, ba kuwa sarki ba ne.

Labarin fassarar ya fito daga wani littafi da ake kira Wasiƙar Aristeyas. Bisa ga abin da ta ƙunsa, Dimitiriyus mutumin Falerun, mai kula da taskar littattafan Iskandariya, shi ne ya gaya wa sarki cewa taskar ba ta cika ba muddin babu shari'ar Yahudawa a cikinta. Sai sarki ya ƴanta bayi Yahudawa fiye da 100,000, ya aika wa babban firist Ele'azara da kyaututtuka, shi kuma ya turo dattawa 72, shida daga kowace ƙabila cikin ƙabilu 12 na Bani Isra'ila. Aka yi kwana bakwai ana liyafa, sarki yana yi musu tambayoyi kan sha'anin mulki, sa'an nan aka kai su tsibirin Faros, suka gama aikin cikin kwana 72. Aka karanta wa jama'ar Yahudawan Iskandariya, suka yarda, suka kuma la'anci duk wanda zai ƙara ko ya rage harafi. Daga wannan adadi ne sunan Saba'iniya ya samo asali, wato Septuwajinta a Latinanci.

Tun ƙarshen ƙarni na 17 wani malamin Ingila, Humphrey Hody, ya bayyana cewa wasiƙar ba shaidar gani da ido ba ce. Bayahude ne ya rubuta ta a ƙarni na 2 K.H., ya sa ta a bakin wani bafaden sarki. Dimitiriyus ɗin ma bai daɗe da rai ba bayan hawan Batalamus na Biyu, domin ya goyi bayan wani ɗan sarki daban, aka kore shi daga fada. Haka nan salon Girkancin fassarar irin na Masar ne, abin da ke nuna cewa masu aikin mazauna Iskandariya ne, ko kuwa mutanen da suka daɗe cikinta.

Duk da haka labarin bai zama ƙarya ɗungurungum ba. Girkancin littattafai biyar na Attaura ya dace da na takardun Masar na ƙarni na 3 K.H. Wani marubuci Bayahude, shi ma Dimitiriyus, ya yi amfani da fassarar Littafin Farawa a zamanin Batalamus na Huɗu, wato tsakanin 221 da 204 K.H. Akwai kuma guntun takarda na Maimaitawar Shari'a, daga ƙarni na 2 K.H., a ɗakin karatu na John Rylands da ke Manchester. Ke nan lokacin ya tabbata. Abin da ake jayayya a kansa shi ne wanda ya nemi aikin. Wasu masana sun ce sarki ne, domin yana bukatar ya san dokar da talakawansa Yahudawa ke bi, ko don alfahari da taskarsa. Wasu sun ce jama'ar ce da kanta, saboda ƴaƴanta sun tashi ba sa jin Ibrananci. Hujjar ta biyu ta fi ƙarfi: a Sikediya, kusa da Iskandariya, an tono rubutun keɓe wata majami'ar Yahudawa na zamanin Batalamus na Uku, da Girkanci aka sassaƙa shi. Mutanen da ke keɓe ɗakin ibadarsu da wani harshe, a cikinsa za su so jin littafinsu. Sai dai wannan bai kore hannun sarki ba, don aiki mai cin takarda da lokacin malamai da yawa ba ya rasa majiɓinci.

A ƙasar Yahudiya kanta, sarkin ya fi fitowa ta fuskar haraji da ciniki. Takardun Zenon, wakilin ma'ajin Masar Afoloniyus, sun nuna ya zaga ƙasar a 259 K.H., sun kuma ƙunshi wasiƙun wani babban mutum Bayahude, Tobiya, na hayin Kogin Urdun, wanda ya aika wa sarki da dawaki da karnuka da jakunan jeji. Da Girkanci aka rubuta wasiƙun. A Littafin Daniyel, sura ta 11, masu tafsiri sun haɗu kan cewa shi ne sarkin kudu wanda ya aurar da ƴarsa Barnika ga sarkin arewa, Antiyokus na Biyu.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne zaɓen kalmomi. Masu fassarar ba su da ƙamus, ba su da misalin da za su bi. Suka ɗauki kalmomin Girkanci na yau da kullum suka ɗora musu sabon kaya: nomos, wato doka, ta tsaya a madadin Attaura, diyateke, wadda asalinta wasiyya ce, ta zama alkawarin Allah, angelos, ɗan aike, ya zama mala'ika, kiristos, shafaffe da mai, ya fassara Almasihu. Wasu kalmomin kuwa, kamar sabbata da faska, aro kawai aka yi. Hanyoyin nan biyu, faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma da aron baƙuwa, su ne dai kwamitocin ƙirƙirar kalmomi ke juyawa a tsakaninsu a kowane harshe. Har da alkunya ta shiga: a jerin dabbobin da aka haramta ci, ba a rubuta lagos, wato zomo, ba, aka rubuta wata kalma mai nufin mai gashi a ƙafa. Talmud ya ce don kada a ɓata wa gidan sarauta rai ne; masana kuma sun lura cewa Lagos sunan kakan sarki ne. Ko da yake Girkawa sun saba da kalmar ta biyun tun kafin haka, Bahaushe ba zai yi mamakin mai kauce wa sunan babba ba.

Ba a yi nisa ba aka fara ƙorafi. Jikan Ben Sira, wanda ya zo Masar a 132 K.H. ya fassara littafin kakansa, ya nemi gafarar mai karatu tun a gabatarwa, yana mai cewa maganar Ibrananci ba ta riƙe ƙarfinta idan an juya ta. Failo na Iskandariya kuwa ya ɗauki masu fassarar tamkar annabawa, ya ba da labarin bikin da ake yi kowace shekara a Faros don tunawa da su. Da Kiristoci suka rungumi Saba'iniya, marubutan Sabon Alkawari na yawan ɗauko nassi daga cikinta, sai malaman Yahudawa suka ja baya. Akila ya yi sabuwar fassara ta kalma da kalma wajen shekarar 130 Miladiyya, wani littafin malamansu ma ya kwatanta ranar fassarar farko da ranar da aka ƙera ɗan maraƙin zinariya. A Afirka kuwa ta yi jijiya, domin daga gare ta aka juya Tsohon Alkawari zuwa Ƙibɗanci da harshen Ge'ez na Habasha, Mas'udi kuma ya ambaci labarin dattawan nan 72 a ƙarni na 10.

Ƙasar Hausa ta san irin wannan taƙaddama. Masu jihadi sun yi wa'azi da waƙa cikin Fulfulde da Hausa da ajami saboda yawancin jama'a ba sa jin Larabci, Nana Asma'u kuma ta juya Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Amma tafsirin Alƙur'ani ya daɗe yana tsaye a baki kawai, a zaurukan malamai cikin watan azumi, kafin Shehu Abubakar Gumi ya buga tarjamar ma'anoninsa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Bambancin shi ne, masu fassarar Iskandariya sun tarar da Girkanci da rubutunsa a zaune, alhali a nan sai da aka fara da baƙaƙen kansu: taron Bamako na 1966, makarantar gwaji ta Hausa da aka buɗe a Damagaram a 1973, da taron daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980.