Asalin Aikin Babbar Riga a Ƙasar Hausa

Wanda duk ya tsaya a ƙofar fadar Kano, ko ta Zazzau, ko ta Katsina, ran hawan salla, ya ga hakimai suna zuwa jahi bisa dawakai, kowanne da rigar da aikinta ya rufe ƙirji ya gangara har ga cinya, lalle zai yi zaton wannan ado ɗan gidan sarauta ne, domin a nan ya fi ganinsa, a nan kuma aka fi alfahari da shi. Amma idan ya yi haƙuri ya bi sawun al'amarin sannu a hankali, zai tarar sarakuna masu saye ne da bayarwa, ainihin mahaifar aikin kuwa ita ce zauren malam, inda ake dafa tawada ana wanke allo. Alƙalami ya riga allura sauka a kan rigar nan, kuma wannan shi ne abin da galibin masu sa ta a yau suka mance.

Kafin a zo ga ado, tilas a sami abin da za a yi wa adon. Auduga daɗaɗɗiya ce a ƙasar nan, aikinta kuwa ya rabu tsakanin maza da mata bisa wani tsari da kowa ya sani: mata su gurje ta, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari suna shafa alli a yatsu, maza kuma su saƙa ta ƙwarya ƙwarya, siririya, wadda faɗinta bai cika wuce tafin hannu ba. Riga guda takan ci ƙwarya masu yawan gaske, a jera su a haɗa gefe da gefe da ɗinkin hannu, har su zama shimfiɗa ɗaya mai faɗin da ya zarce hannuwan mutum biyu a miƙe. Daga nan sai marina, wadda mafi shahararta ita ce ta Ƙofar Mata a birnin Kano, da ake cewa an kafa ta tun 1498, sai kuma masu bugu, waɗanda ke ɗora tufa a kan gungume su yi ta dukanta da tabarya har ta ɗauki sheƙi. Garin Kura ya yi suna a wannan fanni ƙwarai, har rawanin da Buzaye suka fi ƙauna ya ɗauki sunansa.

Ita babbar riga, a matsayinta na suturar mutum kamili, tafiyarta ɗaya da ta Musulunci da fatauci. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kuma ambaci zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Magili ya sauka birnin, aka kafa kasuwar Kurmi, fada ta ɗauki sabon fasali na haiba da kwarjini. Addinin da ya wajabta suturce al'aura, ya kuma so mumini ya yi ado ran Jumma'a da ranakun Idi, ba makawa ya buɗe wa maɗinka kasuwa. Ayarin raƙuma da ke ƙetare Sahara kuwa shi ya kawo alkyabba da jabba da kaftani, ya nuna wa mutanenmu yadda ma'abota Magrib da Masar ke ƙawata wuyan riga da bakinta.

To, a nan ne malam ya shigo. Mai aikin riga ba ya soma ɗinki da ka. Sai an kai rigar wurin mai zane, shi kuwa mai zane, a mafi yawan lokuta, almajiri ne wanda hannunsa ya faɗa da rubutu, ya saba da zayyanar allo ran saukar karatu, ya kuma saba da ƙawata gefen Alƙur'ani da alamomin izu da nusufi da rubu'i da sumuni. Sai ya shimfiɗa rigar a kan tabarma, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya ja layi ba tare da magwaji ba, ya fitar da askake, wato waɗannan dogayen siffofi masu tsini da ke saukowa daga wuya da bakin aljihu, waɗanda da adadinsu ake kiran riga aska biyu ko aska takwas. Ya kewaya tambari a ɗaya ɓangaren ƙirji da kuma baya, ya saƙala dagi, ya zana gidan biyar, wanda duk mai ido ya dube shi zai ga kamarsa da hatimin da malamai ke zanawa. Wani masani Bature, David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya kuma daɗe yana nazarin wannan sana'a a shekarun 1970, ya ja hankalin masu bincike ga wannan dangantaka tsakanin zanen riga da zanen malamai. Amma hakika gardawan tsangaya ba su bukaci a gaya musu ba, domin su ne ke zaune a inuwa bayan karatun safe, riga a kan gwiwa, allura a hannu, suna neman abin sayen takarda da na tuwo ba tare da sun miƙa hannu ga kowa ba.

Ya kamata a dubi aikin nan kusa kusa, don a san abin da ake biya. A cikin filin aljihu, inda daga nesa mutum ke ganin kamar an shafa launi ɗaya, idan ya matso zai ga ƙananan huji ne birjik, kowanne an huda shi daban, an bi bakinsa da zare an kewaye shi tsaf, sa'an nan aka matsa ga na kusa da shi, ɗaya bayan ɗaya, sahu bayan sahu, har fili ya cika. Askake kuwa cike ake yi musu da zare kwance, a matse, yadda ba a ganin ƙyallen da ke ƙasa. Riga ta ƙwarai takan ɗauki watanni a hannun mai aiki, malum-malum kuwa, wadda aikinta ke mamaye gaba da baya, ta fi haka nisa. Saboda haka ne a dā ake lissafa riga cikin dukiya, a ba da ita jingina, a raba ta cikin gado.

Zaren da ake wannan aiki da shi iri biyu ne suka fi daraja, kuma kowannensu da labarinsa. Na farko tsamiya, siliki na ƙasarmu, wanda wasu tsutsotsi ke saƙawa a jikin itatuwa, musamman itacen tsamiya, su taru da yawa cikin gida guda. A ɗebo gidan, a dafa shi da ruwan toka har danƙonsa ya saki, a wanke, a shanya, mata su kaɗa shi kamar auduga, ya fito da launinsa na ƙasa-ƙasa mai taushin gani, wanda ba ya bukatar rini. Na biyu alharini, ja mai haske, wanda asalinsa ragowar siliki ne na masaƙun Turai, a rina shi a Arewacin Afirka, Larabawan Gadamas da Tarabulus su ɗoro shi bisa raƙuma har Kano. Abin da wasu suka ɗauka shara ne a can, shi masaƙanmu suka mayar barage, suka kuma yi wa manyan riguna shafi da shi, yadda idan mai riga ya naɗe hannunta a kafaɗa sai jan ya bayyana.

Sai dai siliki yana da magana a shari'a, malamanmu kuwa ba su jahilce ta ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin fiƙihu a ƙasar nan ya karanta, ta kawo hanin sa alharini da zinariya ga maza, ta kuma ambaci saɓanin malamai game da tufar da aka gauraya siliki da waninsa, da kuma game da ratsinsa a jikin tufa. Masu jihadi sun tsananta a kan wannan babi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa sa tufafi ba tare da kula da halal ko haram ba cikin aibobin sarakunan zamaninsa, ana kuma ruwaito cewa shi kansa bai tara sutura ba. Ƙanensa Abdullahi kuwa, tun yaƙi bai ƙare ba, ya koka da yadda ya ga zukatan waɗansu jama'a sun karkata ga riguna da dawakai da neman muƙami. Amma ga abin mamaki a tarihi: daular da aka kafa bayan jihadin 1804, a kan zuhudu da gudun duniya, ita ce ta kai babbar riga matsayin da ba ta taɓa kai ba. Dalili kuwa a fili yake. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ɗauki raya sana'a wajibi ne a kan shugaba, ya zaunar da masu sana'a a garuruwan ribaɗi. Ƙasashe masu yawa suka shiga ƙarƙashin tuta ɗaya, hanya ta buɗe daga Sakkwato zuwa Adamawa, daga Katsina zuwa Bida da Ilori. Riga kuma ta zama harshen mulki, da ita ake kai gaisuwa Sakkwato, da ita ake naɗa hakimi, da ita ake sallamar baƙo da saka wa jarumi. Nufawa suka shahara da kyawun saƙa da aiki har rigunansu suka zama abin nema a Kano kanta. Ba daidai ba ne kuma a ɓoye cewa wani kaso mai yawa na audugar nan da baban rini bayi ne suka noma su a gandaye da rumada, kuma cikin masaƙa akwai waɗanda yaƙi ne ya raba su da garuruwansu.

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300, ya kuma ba da labarin suna isa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, da Tambutu ta yamma. Fataken goro kuma suka kai su Gwanja, inda har yau zuriyarsu a zangunan Gana ke sa su.

Zuwan Turawa a 1903, da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, su suka juya akalar ciniki daga hamada zuwa teku, alharinin raƙumi ya yanke, yadin kanti ya cika kasuwa. Masaƙar zamani ta farko a Kaduna ta soma aiki a 1957. Masaƙin gargajiya ya sha wuya ƙwarai, amma mai aikin allura bai faɗi tare da shi ba, domin shadda ta zo ta ba shi sabon fili mai santsi, 'yan siyasar jamhuriya ta farko kuma, Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauransu, suka shiga majalisun duniya da babbar riga, suka ɗaukaka ta a idon matasa masu ilmin boko waɗanda dā an fara jan su ga kwat. Abin da ya girgiza sana'ar da gaske shi ne keken surfani, mai gama a yini abin da hannu ke yi a wata. A yau kuma ga na'ura mai kwamfuta, wadda ke maimaita zane ɗaya sau ɗari ba kuskure. Ban ga laifin talaka ba idan ya sayi abin da aljihunsa zai iya, amma aikin na'ura shimfiɗe yake, ba shi da tudu da kwari irin na hannu, kuma wanda ya saba da na ƙwarai yakan gane bambancin tun daga nesa.

Abin da ya ceci aikin hannu ya zo ta inda ba a zata ba, wato daga cikin gida. Sana'ar da dā ta maza ce, sai ga matan birnin Zariya sun karɓe ta a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, yayin da kaɗi ya mutu a hannunsu, maza kuma suka tafi aikin albashi da wasu sana'o'i. Har a 1994 wasu daga cikinsu suka haɗu cikin ƙungiyar masu surfani mai sunan Sarauniya Amina, suna ɗora tsofaffin zane a kan rigunan mata da jakunkuna da kayan ƙawata ɗaki. Haka nan hula, ƙube da zanna bukar da damanga, ta zama abin da budurwa ke ɗinkawa a tsakar gida tana tara kuɗin kayan ɗaki, ɗalibi kuma yana biyan bukatar makaranta: a sayo farin ƙyalle, a kai wa mai zane, a zaɓi zare launi uku ko huɗu, a yi ta bi rami rami na makonni, sa'an nan a kai wa mai wanki ya sa sitaci ya ɗora ta a kan gungume ta tsaya.

Dandalin nuna tufafi, inda samari da 'yan mata ke tafiya a gaban 'yan kallo sanye da sabon ɗinki, al'ada ce da ta tsiro a Faris, tun bayan da Charles Worth ya buɗe gidan ɗinkinsa a 1858 ya riƙa nuna kaya a jikin mutane masu rai. Ta iso yankinmu da ƙarfinta a 1998, sa'ad da Alphadi, maɗinkin Nijar, ya shirya bikin FIMA na farko a hamadar Tigidit kusa da Agadas, Legas kuma ta soma nata makon nuna tufafi a 2011. A irin waɗannan wurare ana ganin aska da tambari da dagi a kan rigunan da ba su da alaƙa da fada ko tsangaya, wannan kuwa abin farin ciki ne, domin zane ba ya rayuwa sai ana sa shi. Abin da ke damuna shi ne rabon lada: sunan da ake kira a dandali na mai tsara rigar ne shi kaɗai, mai zane da mai allura kuwa, waɗanda suka ba da watanninsu da hasken idonsu, ana biyansu ta hannun dillali, kuɗin da sau da yawa bai kai na leburan gini ba idan aka raba shi bisa kwanakin aiki. Masu kaɗa zaren tsamiya sun ragu ainun, galibinsu tsofaffi ne, kuma mafi yawan abin da ake sayarwa a kasuwa yau da sunan tsamiya zaren kanti ne da aka rina ya yi kama da ita.