Daga Ayaba Zuwa Kwamfuta: Yadda Aka Koyi Gane Cutar Siliyak

A watan Maris na 2025 masu bincike a Jami'ar Kambirij suka sanar cewa manhajar da suka horar ta gane cutar siliyak, ciwon hanjin da alkama ke tayarwa, daidai a samfuri 97 cikin 100 na naman hanji. Aka yi ta yayata labarin, alhali tafiyar ta daɗe.

Likitan Girka Aretaeus ya siffanta ciwon tun zamanin Rumawa, sai aka yi shiru har 1888, lokacin da Samuel Gee a Landan ya yi bayanin yara masu kumburarren ciki, da farin kashi mai wari, da tsotsattsun gaɓoɓi. A 1924 Sidney Haas na Amurka ya ɗora irin waɗannan yara kan ayaba, suka murmure. Ayaba ta sha yabo, amma burodin da aka hana su ne ya yi aikin.

An fi son a ce yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945 ce ta buɗe wa likita Willem Dicke ido: alkama ta yanke, yara suka samu sauƙi, burodi ya dawo, ciwo ya dawo. Ni ban yarda ba. Tun 1941 Dicke ya rubuta a kan cire alkama daga abincinsu. Yunwar tabbatar masa kawai ta yi.

Daga shekarun 1950 aka fara gutsuro naman ƙaramin hanji a duba a madubin likita. Lafiyayyen hanji na da 'yan tsiro kamar gashin tawul, na mai siliyak kuwa a shafe yake. Gwajin jini ya ƙarfafa bayan 1997, har likitocin yara na Turai suka amince a 2012 cewa wasu yaran ba sai an gutsure su ba.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na Sana Syed ta Jami'ar Bajiniya a 2019. Hanjin yaron da ƙazantar muhalli ta lalata yana kama da na mai siliyak, ƙwararru ma kan ruɗe, kuma maganinsu daban. Tawagarta ta ciyar da kwamfuta hotunan hanjin yara daga Pakistan da Zambiya da Amurka, ta koyi rarrabe su. Wannan ya shafe mu, domin yaron da ya tsumbure a nan tamowa kawai ake cewa, ga taliya da burodi suna ture gero da dawa. Masu cewa ciwon Turawa ne su tuna binciken 1999 a kan yaran Sahrawi na arewacin Afirka, inda aka samu kashi 5.6 cikin ɗari suna da shi, ninkin ba ninkin abin da aka saba gani a Turai.