Tarihin Ƙugiyar Ƙwaro Mai Saɓa a Kamun Kifin Tirawut

A ƙasashen sanyi akwai fatsar da ba ruwanta da tana. Gashin tsuntsu da zare ake naɗawa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, a jefa wa kifin tirawut. Ƙwarin da ake kwaikwaya a ƙasan rafi suke girma. In lokaci ya yi sai su taso, su maƙale a saman ruwa suna saɓa, rabin jiki a ciki, rabi a waje, ba damar tashi, ba damar komawa. A nan kifi ke samun su a ɓagas.

An daɗe kafin a ba wannan mataki haƙƙinsa. A kudancin Ingila, Frederic Halford ya fitar da littafi a 1886 kan ƙugiya mai yawo a bisa ruwa, mabiyansa na Kogin Test kuma suka mai da abin tamkar doka. Lauyan Landan G.E.M. Skues, mai kamu a Kogin Itchen, ya lura cewa sau da yawa kifin da ake gani yana motsa ruwa, ƙwaron da bai gama fitowa ba yake ci. Ya rubuta hakan a 1910. Aka yi ta sukarsa har zuwa muhawarar ƙungiyar masu wannan fatsa a Landan a 1938, shekarar da ya bar Itchen yana ɗan tamanin. Ba a yi wa dattijon adalci ba, domin abin da idonsa ya gani ya faɗa.

Amurkawa suka ɗora daga nan. Doug Swisher da Carl Richards sun riƙa kiwon ƙwari suna ɗaukar hotonsu, littafinsu Selective Trout na 1971 ya yaɗa salon kwaikwayon ƙwaro mai saɓa sosai. Gary LaFontaine ma nutso ya yi da kayan numfashi don ya ga abin da kifi ke gani, sannan ya nemo zaren Antron mai ƙyalli ya kwaikwayi walƙiyar jikin ƙwaro mai tasowa.

A 1984 Hans van Klinken ɗan ƙasar Holan ya ɗaure Klinkhåmer a Kogin Glomma na Norwe. Ƙugiyar lanƙwasasshiya ce: cikin ƙwaron na rataye a ruwa, gashin da aka naɗa a kwance na riƙe da shi, farin tukku na nuna wa masunci inda take. Don wani kifi da ake kira gireli ya yi ta, amma yau masu neman tirawut a Turai da Amurka da wuya su fita babu ita.