Ko akwai haɗari a haɗa wa babur akwatin gefe?

A ƙauyukan Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi a arewacin jihar Zamfara, babur shi ne abin hawan da ke kai buhunan hatsi kasuwa, ya kuma kai mai naƙuda asibiti.

Akwatin gefe, wato mazauni mai taya ɗaya da ake ɗaurawa a jikin babur, zai iya rage wahalar irin wannan jigila. A wasu ƙasashen Afirka kamar Malawi, an yi amfani da baburan eRanger masu gado a gefe wajen ɗaukar marasa lafiya.

To sai dai ba kowane babur ne zai iya jure wannan kaya ba.

Yadda tuƙi ke sauyawa

Babur mai taya biyu yana shan kwana ne ta hanyar karkata. Da zarar an ƙara masa taya ta uku, ba ya karkata, sai an murɗa kansa da ƙarfi.

Tun shekarar 1972 ake tuƙi a hannun dama a Nijeriya, don haka dama ce wurin da ya dace da akwatin.

Idan aka ƙara wuta, nauyinsa zai janyo babur dama. Idan aka taka birki, alhali tayar akwatin ba ta da nata birkin, babur zai fizga hagu.

Haɗari mafi girma shi ne shan kwanar dama da gudu, domin akwatin kan ɗaga sama ya kifar da babur, musamman idan ba kowa a ciki.

Ƙarfin babur

Galibin baburan da ake hawa a yankin, irin su Bajaj Boxer, injinsu bai wuce cc 100 zuwa 150 ba. Na kamfanin Ural kuwa, wanda ya shahara da ƙera babura da akwatinsu, ya kai cc 750.

Manyan baburan zamani ma suna da tasu matsalar. An ƙera da yawansu da ƙarfe marar nauyi, ba a kuma tanadi wurin ɗaura akwati ba, sai an yi masu ƙarin gindi na musamman.

A Filifins ana haya da ƙananan babura masu akwatin gefe, amma bayan an ƙarfafa jikinsu, kuma ba a gudu da su.

Abin lura

Walda kaɗai ba ta wadatar ba. Ana buƙatar maɗauri aƙalla huɗu, da daidaita tayoyi, da ƙarfafa birki, sannan matuƙi ya sake koyon tuƙi a fili.

Faɗin hanya ma abin dubawa ne, domin turbar gona da rairayin gulbi ba sa karɓar taya uku.

Inda hanya ke da faɗi, Keke Napep da aka ƙera da taya uku tun daga masana'anta ya fi haɗin gida aminci.