Aikin kiɗa daga nesa ta intanet

Aikin kiɗa daga nesa ta intanet wata hanya ce da mawaƙi, makaɗi da mai haɗa sauti ke yin waƙa ɗaya alhali suna garuruwa daban-daban, ta hanyar tura sautin situdiyo daga wata kwamfuta zuwa wata. Iri biyu ne. Akwai wanda ake naɗar sautin a tura shi a matsayin fayil, ɗaya ɓangaren ya saurara daga baya. Akwai kuma wanda sautin ke kwarara kai tsaye, ana ji a lokacin da ake yin sa. Na biyun shi ne mai wahala, kuma wahalarsa kusan duka daga abu ɗaya take zuwa, wato jinkiri.

Tarihi

Kafin intanet ta yaɗu, manyan situdiyo a Amurka da Turai suna amfani da layukan tarho na dijital. Sanannen misali shi ne faifan Duets na Frank Sinatra na shekarar 1993, wanda da yawa daga mawaƙan da suka yi waƙa da shi a ciki suka aiko muryoyinsu daga wasu birane. Daga baya manhajojin intanet suka karɓi aikin, irin su Source-Connect, da JackTrip wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Stanford, da Jamulus, da Listento ta kamfanin Audiomovers. Annobar korona ta 2020 ta sa amfani da su ya ƙaru sosai, saboda an rufe wuraren naɗar sauti a ƙasashe da dama.

Matsalar jinkiri

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a cikin daƙiƙa ɗaya a iska. Idan makaɗa biyu suna tsaye mita takwas ko tara tsakaninsu, kowa yana jin ɗan'uwansa bayan kimanin milisakan 25, wato kashi 25 cikin dubu na daƙiƙa. Kusan a nan iyakar take. Da zarar jinkirin ya wuce milisakan 25 zuwa 30, kowane makaɗi sai ya fara jiran ɗayan ba tare da ya sani ba, kiɗan ya riƙa ja da baya har ya watse.

A cikin wayar gilashi da ke ɗauke da intanet, saƙo yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato milisakan 5 a kowace kilomita 1,000. Wayar ƙarƙashin teku ta Glo-1 da ta haɗa Legas da Ingila tsawonta ya kai kimanin kilomita 9,800. Idan aka ƙara tafiyar Kano zuwa Legas, sautin da ya tashi daga Kano zuwa Landan ta wannan hanya ya riga ya ci fiye da milisakan 50, tun ba a lissafa abin da makirufo, kwamfuta da turken sadarwa ke ci ba. Babu kuɗin da zai sayi saurin da ya fi wannan a kan wannan waya. Shi ya sa manhajar NINJAM ta bi wata dabara: maimakon ta rage jinkirin, sai ta ƙara shi da gangan har ya cika zagaye guda na kiɗan, kowa ya riƙa bin zagayen da ya wuce na abokinsa.

Nauyin sauti

Sautin da ba a matse ba yana da nauyi. A ma'aunin da situdiyo da yawa ke amfani da shi, minti ɗaya na sauti mai kunne biyu ya kai kimanin megabayit 17, awa ɗaya kuwa kusan gigabayit ɗaya. Saƙon murya na WhatsApp ba ya kusa da haka, domin ana matse shi da tsarin Opus, wanda aka daidaita a 2012, a kuma zubar da abin da ba a buƙata don fahimtar magana. Ga hira wannan ya isa. Ga waƙa kuwa asara ce, don abin da aka zubar ba ya dawowa, ko mai haɗa sautin ya kai wane ƙwarewa. Wanda zai tura murya don aiki gara ya naɗe ta a tsarin WAV ya aika ta a matsayin fayil.

A ƙasar Hausa

Waƙoƙin finafinan Hausa da na siyasa da na bege na zamani, tun daga shekarun 1990 lokacin da situdiyo irin ta Iyan-Tama a Kano ta shigo da fiyanon Yamaha, ana gina su ne hawa-hawa. Mai fiyano ya haɗa kiɗa tukuna, mawaƙi ya ɗora murya, 'yan amshi su biyo baya, sannan a haɗa. Wannan tsari ya dace da aiki daga nesa ƙwarai, domin ba a buƙatar kowa ya yi nasa a daidai daƙiƙar da ɗayan ke yi. Ko da sauti ya yi jinkirin daƙiƙa guda kafin ya isa kunnen mai saurare, ba a rasa komai ba, in dai sauraro kawai yake yi yana faɗin gyara.

Amfanin ya fi bayyana ga mawaƙan da ke wajen birni. Situdiyo da yawa suna cikin Kano, musamman yankin titin Zoo Road. Mawaƙi daga Ajingi ko Gaya, a gabashin jihar, zai yi tafiyar fiye da kilomita sittin kafin ya kai, ya biya mota zuwa da dawowa, wani lokacin don gyaran baiti ɗaya. Idan yana da makirufo mai kyau da ɗaki marar amsa-kuwwa, zai iya karɓar kiɗan ta waya, ya ɗora murya a gida, ya mayar. Abubuwan da ke kawo cikas su ne ƙarancin wutar lantarki, tsadar data, da sabis ɗin waya da ke hawa da sauka. Wannan hawa da saukar ya fi jinkirin kansa illa ga sauti mai kwarara, domin shi ke sa murya ta riƙa yankewa. Starlink ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023, kuma tana kaiwa ƙauyuka, amma kuɗin na'urarta ya fi ƙarfin yawancin masu tasowa.

Kiɗan gargajiya lamarinsa daban ne. A waƙar da ake yi da kalangu ko kotso, jagora yana iya tsawaita baiti ko ya gajarta shi nan take, 'yan amshi su cafke tun bai gama rufe baki ba, makaɗi kuma yana bin hawa da saukar karin sautin kalmomin da hannunsa. Ba wanda ke bin ma'aunin na'ura. Kowa numfashin ɗan'uwansa yake saurare. Irin wannan ba ya rabuwa hawa-hawa cikin sauƙi, kuma jinkirin milisakan ɗari, wanda mai hira a waya ba zai ma lura da shi ba, ya isa ya sa amshi ya faɗo bayan wurinsa. Saboda haka ƙungiyoyin irin wannan kiɗa har yanzu a ɗaki ɗaya ake naɗar su, sai dai a tura abin da aka naɗa zuwa wani gari don haɗawa da tacewa.