Daga Babbar Kasuwa Zuwa Kufena: Tafiyar Yini Guda

Gardama ce ta jawo wannan rubutu, kuma a Babbar Kasuwar Kaduna aka yi ta, wato wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Akwai wani ɗan ajinmu mai shagon yadi a can, kuma tun da aka kawo ni Kaduna aiki shagon nan ya zama majalisarmu ta yammacin Asabar. Wata rana a ƙarshen shekarar 2023 sai ga ɗaya daga cikinmu ya dawo daga ƙasar Girka, inda ma'aikatarsu ta tura shi kwas na mako biyu. Ya ce ranar da aka ba su hutu shi kaɗai ya yi shatar mota da ɗan jagora, suka yini suna zaga kufai da gidajen tarihi na birnin Atina. Ya miƙo waya muka yi ta kallon ginshiƙan farin dutse na Fartenon, ɗakin bautar da Girkawa suka gina a kan tudun Akrofolis daga shekarar 447 zuwa 432 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Mai shago ya gama kallo ya juyo gare ni. Ya ce, "To, Malam mai digiri, mu ina namu?"

Na gyara zama na jero masa Turunku, da Kufena, da ganuwar Zazzau. Ya bari sai da na kai aya, sannan ya ce, "Ka taɓa zuwa?"

Nan na yi shiru. Shekara huɗu na yi a jami'a a Samaru, Dutsen Kufena yana nan kusa, amma ƙafata ba ta taɓa taka gindinsa ba. A makaranta kuwa, kowa zai tuna, mun haddace cewa a Atina aka haifi dimokuraɗiyya, alhali Sarauniya Amina layi biyar aka ba mu a kanta. Saboda haka a watan Janairun 2024, da sanyin hunturu, na yi shatar wata tsohuwar Golf daga bakin kasuwar, na ce nima zan yi irin tafiyar abokina, amma a gida. Kuɗin ya ci wani yanki mai kauri na albashina, uwargida kuma ba ta saki fuska ba sai da na yi alkawarin duhu ba zai same mu a ƙauye ba.

Mun fara da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC. Akwai kaya iri-iri a ciki, amma ni a gaban kawunan Nok na daɗe. Nok ƙauye ne a ƙasar Jaba, kudancin jiharmu, inda masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan siffofi na yumɓu a 1928. A 1943 aka kai wa wani jami'in Bature, Bernard Fagg, wani kai da aka samo a Jama'a, wanda har ya yi shekara guda a gonar doya ana korar tsuntsaye da shi. Fagg ne ya lura cewa hannu ɗaya ne da na Nok. Binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka fara da takwarorinsu na Nijeriya a 2005 ya nuna cewa mutanen nan suna zaune a wurin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma sun fara ƙera siffofin tun wajen shekarar 900. Wato dai lokacin da Girkawa suke sassaƙa dutsen Fartenon, maginan Nok sun riga sun yi ɗaruruwan shekaru suna sana'arsu.

Na tsaya ina kallon kitso da ƙwayar ido da aka huda, komai tsaf. Abin da ya kawo su har yau bai wuce abu ɗaya ba: wuta. Yumɓun da aka gasa yana iya kwana dubban shekaru a ƙasa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin duk abin da na gani bayan nan ƙasa ce da rana kaɗai ta busar.

Muka ɗauki hanyar Zariya, muka wuce Kawo da Rigachikun da Mararrabar Jos, can gaba muka saki babban titi muka yi gabas. Turunku a yau ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Igabi, amma tsohon garin yana gindin duwatsu. Wani dattijo da muka yi wa sallama ya yarda ya raka mu. Ya nuna mana wani dogon tudu da ya miƙe ta tsakiyar gonaki, kara a zube a kansa. Ya ce, "Yaro, ganuwar ke nan kake takawa." Wallahi da ni kaɗai ne da na wuce ina cewa kunya ce manomi ya ja ta yi girma. Ya kai mu inda mutanen garin suke cewa nan kabarin Bakwa yake, ya nuna mana ramukan niƙa a jikin dutse, sun yi sumul don amfani.

Bisa ga jerin sarakunan Zazzau, wanda ya fara daga Gunguma ɗan Bawo, Bakwa Turunku ne na 22, kuma ana sanya zamanin a wajen 1536. Wasu ruwayoyi sun ce mace ce, wasu sun ce namiji ne. An dai haɗu a kan cewa 'ya'ya biyu mata suka yi suna, Amina da ƙanwarta Zariya, kuma daga Turunku aka tashi aka koma arewa wajen Kufena, inda ruwa ya fi wadata, sabon birnin ya ɗauki sunan ƙanwar. A nan ne kuma tarihin yake da ƙulli. Idan aka bi lissafin Zazzau, Amina ta yi zamani a ƙarshen ƙarni na 16. Littafin Tarihin Kano kuwa ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, har ya ce Nupe da Kwararrafa suna kawo mata gaisuwa. Tsakanin maganganun biyu akwai fiye da shekara ɗari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Malaman jami'a irin su marigayi Abdullahi Smith, wanda ya fara shugabantar Gidan Arewa, da John Sutton, wanda ya bi ganuwoyin Zariya da Kufena yana aunawa a shekarun 1970, sun yi ta fama da wannan ƙulli.

Ni ra'ayina, bai kamata mu ji kunyar wannan saɓani ba. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, shaidar da za ta iya raba gardamar tana cikin tudun nan da nake takawa: gawayi, da katangar tukwane, da kashin maƙera, waɗanda yanzu ake iya auna shekarunsu. Kowace damina garma tana juya su, ruwa yana tafiya da su. Girkawa sun rubuta sunaye da lissafin kuɗin gini a kan dutse. Namu rubutun a cikin ƙasa yake, kuma ba a gama karanta shi ba.

Bayan azahar muka shiga Zariya ta Ƙofar Doka. Na sa direba ya bi da mu ta gefen ganuwa, ta wajen Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan. Zagayenta ya haura kilomita 14. A wasu wurare tana nan tsaye har yanzu, ta fi tsayin mutum biyu, jikinta duk zaizaya kamar bayan tsohuwar giwa. A wasu wuraren ta zama juji, a wasu kuma babu ita sam, sai gidajen bulo. Direban, wanda har lokacin bai cika magana ba, ya ce, "Yallaɓai, ina yaro mun sha ɗibar ƙasar nan da jaki muna sayar wa magina. Ta fi kowace ƙasa kyau, ai an riga an kwaɓa ta." Na buɗe baki zan yi masa wa'azi sai na tuna gidan kawuna inda nake zuwa hutu. Bangon bayan gidan a kan ganuwa ya zauna, kuma da ƙasarta aka yi tubalinsa. A ɗakin nan na yi karatun jarrabawar fita sakandare.

Abin da ban gane ba sai ranar shi ne, ganuwa ba abu ba ce da ake ginawa a gama. A birane irin su Kano da Zazzau, idan damina ta ɗauke, sai a raba ganuwar kashi-kashi, kowace unguwa da kowane hakimi da nasa yanki, a fito da talakawa da bayi (kada mu ɓoye wannan, gumin bayi yana cikin ƙasar nan da yawa), a kwaɓa ƙasa a cike inda ruwa ya ci, a yashe gwalalo. Muddin ana tsoron mahara, aikin ba ya tsayawa. Ko sauyin mulki bai tsayar da shi ba: da Malam Musa ya karɓi birnin a farkon ƙarni na 19, Sarki Makau ya yi kudu, har ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda yanzu ake kira Suleja, sababbin masu mulki sun ci gaba da gyara. Turawa ne da suka shigo a 1902 suka kawo ƙarshen buƙatar. Yaƙin gari da gari ya ƙare, aikin gayya ya koma kan hanya da layin dogo. Ba wanda ya harbi ganuwar Zazzau da igwa. Daina yaɓe kawai aka yi, damina fiye da ɗari da ashirin suka yi sauran aikin.

Kwatanta da Fartenon. Ya zama coci, ya zama masallaci a zamanin Turkawa, a 1687 harsashin sojojin Banis ya faɗa kan albarushin da aka ajiye a ciki ya tarwatsa tsakiyarsa, daga 1801 kuma wani Baturen Birtaniya, Lord Elgin, ya kwashe sassaƙe-sassaƙensa ya kai Landan, inda suke har yau ana rigima a kansu. Duk da haka ginshiƙan suna tsaye, domin dutse yana jure sakaci. Ginin ƙasa kuwa kamar dabba yake, sai da kiwo.

Mun yi la'asar a Masallacin Juma'a da ke ƙofar fada, kuma nan ne zuciyata ta ɗan yi sanyi. Babban Gwani Malam Mika'ila ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya hau a 1834. Ba ƙarfe, ba siminti: tubali ne, da azarar giginya da aka jera aka ɗaure ta lanƙwasa ta zama bakan gizo, aka yaɓe, aka yi mata ado da zane. Idan ka ɗaga kai sai ka ga bakunan sun tashi daga ginshiƙai masu kauri sun haɗu a sama kamar yatsun hannu biyu. A shekarun 1970 aka yi sabon gini aka lulluɓe tsohon a ciki. Masu kishin gini sun yi ta kukan abin da aka rasa a lokacin, kuma suna da gaskiya, amma abin da ya rage ya tsira ne saboda an yi masa rumfa kuma ana salla a wurin kullum. Wanda yake son ganin siffarsa ta asali sai ya je Jos, inda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya sa aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. Akwai kuma labarin da ake bayarwa cewa wani sarki ya sa an kashe Babban Gwani bayan ya yi masa gini, don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Na ji shi daga bakin mutum biyu a ranar, kowa da yadda ya ƙawata nasa.

Rana ta yi sanyi muka nufi Wusasa, muka wuce cocin da 'yan mishan suka gina a 1929 da ƙasa da azara, irin ginin Hausa sak, shi ma yana tsaye don masu shi ba su daina kula da shi ba. Daga nan Kufena ba nisa. Na hau har inda numfashina ya yarda, domin zaman ofis ya yi mini illa. Daga can sama, da hasken yamma ya kwanta a gicciye, sai na ga abin da ba a gani daga ƙasa: wani layi mai ɗan duhu ya fito daga wajen dutsen, ya ratsa gonaki, ya ɓace, ya sake ɓullowa can gaba ya nufi birni. Tsohuwar ganuwa ce, wadda ta haɗa Kufena da filin da ke kewaye. Direba ya biyo ni yana haki, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce shekararsa ashirin yana bin hanyar nan bai san da ita ba.

Ba mu iso Kaduna ba sai bayan isha'i, an daɗe da rufe kasuwa. Asabar ta gaba na je shago da hotunana. Abokinmu na Girka ya karɓi wayar yana turawa da yatsa, ya tsaya a kan na Turunku. Ya ce, "Ina ganuwar?"

Na sa yatsa na nuna masa tudun da karan dawa a kai. Mai shago ya leƙo ta kafaɗarsa, ya ɗan yi shiru, sannan ya tambaye ni nawa na biya direban, kuma ko motar za ta ɗauki mutum huɗu da yara biyu.